Barci Da Ƙiba: Nasiha Ga Masu Raba Dare

 Kowace al'umma da yadda take raba barcinta. Mutanen Sifen sun shahara da barcin tsakar rana, Bajapane kuwa ba ya jin kunyar gyangyaɗi cikin jirgin ƙasa. Mu kuma Musulunci ya shimfiɗa mana namu tsarin. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta, malamai kuma sun kwaɗaitar da ƙailula.

A da, in mutum ya ajiye teɓa mukan ce hutu ne, wasu su ce haɗama ce da lalaci. To, a 2004 masana a Jami'ar Shikago suka tauye barcin wasu samari zuwa awa 4 har dare biyu, sai yunwarsu ta ƙaru tare da kwaɗayin zaƙi. Ashe ƙarancin barci yana da hannu a ƙiba, haka ma gado.

Saboda haka kada ka yi wa mai ƙiba ba'a, ba ka san jarrabawarsa ba. Kai kuwa mai raba dare a kan waya, Asubarka da lafiyarka kake sayarwa da arha. Allah Ya sa mu dace, amin.