Shaidar Zur Tana Kashe Mutum da Ransa

Karatu: Fitowa 20:16, 1 Sarakuna 21:1-16

Ɗan'uwa mai sauraro, Nabot bai yi wa kowa laifi ba. Yezebel ta sa aka nemo 'yan iska biyu suka yi masa shaidar zur, jama'a kuwa suka jajjefe shi da duwatsu ba tare da bincike ba. Irin wannan bai ƙare da zamanin Ahab ba.

A watan Disamba na 2010 aka kashe wata matashiya mai suna Joanna Yeates a birnin Bristol na ƙasar Ingila. 'Yan sanda suka kama mai gidan da take haya, Christopher Jefferies, tsohon malamin makaranta mai shekara 65. Kafin a sake shi bayan kwana uku, jaridun da ke cin abinci da labaran ban mamaki sun riga sun yanke masa hukunci. Suka baza hotonsa, suka yi wa gashin kansa ba'a, suka ce ba shi da mata, halinsa kuma dabam ne. Suka yi ta nuni cewa ɗan luwaɗi ne, domin sun san masu karatu da yawa, saboda ƙyamar da ke zuciyarsu, za su ɗauki wannan jita-jita tamkar shaidar kisa.

Ashe wani maƙwabcin matar ne, Vincent Tabak, ya yi kisan, kotu kuma ta tabbatar da laifinsa a watan Oktoba na 2011. A wannan shekarar jaridu takwas suka biya Jefferies diyyar ɓata suna, aka kuma ci The Sun da Daily Mirror tara saboda raina kotu. Amma kuɗi ba su iya share kwanakin da ya yi yana ɓuya a gidajen abokai, yana tsoron fita waje ba.

Lura fa, Yezebel ba ta ɗauki dutse ba, mutanen gari ne suka yi jifan. Haka jarida ba ta sayuwa sai da mai saye, jita-jita ba ta tafiya sai da mai kai ta gaba. In mun ji an ɗora wa wani suna irin wanda jama'a ke ƙyama, sau da yawa mukan daina tambayar gaskiya. Amma doka ta tara ba ta ware kowa ba. Ko wane ne mutum, ko me ake faɗi a kansa, cikin siffar Allah aka halicce shi, bai kuwa halatta a ɗora masa laifin da bai yi ba. Ubangijinmu Yesu kansa ya tsaya a gaban masu shaidar zur.

Yau, kafin ka maimaita labari a kasuwa, ko a ƙofar majami'a, ko ka tura shi ta waya, tambayi kanka: na tabbata? Idan ba ka tabbata ba, bari ya mutu a bakinka.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare harshena daga ƙarya, ka cire ƙiyayya daga zuciyata, ka ta'azantar da waɗanda aka ɓata wa suna ba gaira ba dalili. Cikin sunan Yesu, Amin.