Kiranberi da Matakan Sababi: Yaushe Ake Kiran Abu Magani?

Kiranberi tsiro ne mai yaɗo a ƙasa, asalinsa arewa maso gabashin nahiyar Amurka ta Arewa, masana tsirrai kuma na kiransa Vaccinium macrocarpon. 'Ya'yansa ƙanana ne jajaye, masu tsami da ɗan bauri kamar zoɓon da ba a sa wa sukari ba. Ba ya yi sai a dausayi mai ƙasa mai tsami, wadda yashi da ruɓaɓɓun ciyayi suka cakuɗa a cikinta, kuma sai ya sha sanyin hunturu kafin ya yi fure da kyau. Shi ya sa jihohin Wisconsin da Massachusetts a Amurka, da lardin Quebec a Kanada, suka zama gidan nomansa. Idan ya samu kulawa, shuka ɗaya takan haura shekara 100 tana ba da amfani.

Masu ganin hotunan girbinsa sukan zaci a cikin ruwa yake girma, alhali ba haka ba ne. A cikin kowane ɗa akwai 'yan kogunan iska guda huɗu. Idan kaka ta yi, tsakanin Satumba da Nuwamba, sai a sako ruwa ya shafe gonar, inji ya bi yana kaɗa rassan, 'ya'yan su ciro su taso sama. Ma'aikata su shiga ruwan har cinya, su kewaye su da shinge mai iyo, su ja su zuwa bakin gona. Da hunturu ma akan sake cika gonar da ruwa, ya daskare ya kare shukar daga iska mai ƙona ganye.

Tun kafin zuwan Turawa, 'yan asalin yankin, irin su Wampanoag, suna cinsa, suna rini da shi, suna kuma sa shi a rauni. Daga baya matuƙan jiragen ruwa suka riƙa ɗaukarsa ganga-ganga saboda cutar nan mai sa dasashi zubar jini, wadda rashin bitamin C ke kawowa. Nomansa ya fara ne a wajen 1816, lokacin da Henry Hall, a garin Dennis na yankin Cape Cod, ya lura cewa shukar da iska ta watsa wa yashi ta fi sauran yabanya.

Sunan da ya yi a duniya kuwa a kan ciwon mafitsara ne, kuma a nan tambayar take. Shekaru da dama likitoci na cewa yana tsamama fitsari ne har ƙwayoyin cuta su kasa rayuwa. Bincike ya nuna tsamin bai kai ya yi wannan aikin ba. A 1984 Anthony Sobota ya nuna cewa ruwansa yana hana ƙwayar E. coli manne wa bangon mafitsara, a 1998 kuma Amy Howell da abokan aikinta a Jami'ar Rutgers suka gano sinadaran da ke yin haka. Wato an daɗe ana riƙe da al'ada mai ɗan tushe da hujjar da ba daidai ba. Sanin cewa abu yana aiki daban, sanin dalilin aikinsa daban, kuma mutum na iya samun na farko ya rasa na biyu. Wannan ya isa ya hana mai ilimin zamani raina abin da aka gada, ya kuma hana mai riƙo da gado ɗaukar kowane bayanin magabata a matsayin yankakken hukunci.

Hukuncin masana ma ya sauya. A 2012 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 24, ta ce amfanin bai kai yadda ake zato ba. A 2023 ta sake dubawa da bincike 50 a kan mutum 8,857, ta ce yana rage dawowar ciwon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ga matan da yake yawan dawo musu, yana kuma taimakon yara. Ba a ga amfaninsa ga masu juna biyu ko tsofaffin da ke gidajen kulawa ba. Tsiron dai shi ne na jiya. Hujjar da ke hannu ce ta ƙaru.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wani rabo a cikin Ihya'u Ulumiddin da ya dace da wannan hali. Ya kasa hanyoyin kawar da cuta gida uku: wanda aka tabbatar, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda ake kyautata zato, kamar ƙaho da shan magani, da wanda ake raya amfaninsa kawai, kamar ƙona jiki da ƙarfe mai zafi. Barin na farko a lokacin halaka ba tawakkali ba ne, riƙo da na biyu kuma ba ya warware tawakkali. A matsayin rigakafi, kiranberi na gida na biyu ne. Matar da ta sha shi wata shida lafiya lau ba ta da hanyar sanin ko shi ne ya tsare ta, ko da ma ciwon ba zai dawo ba. Lissafin masana a kan jama'a yake magana, ba ya yi wa mutum ɗaya alkawari. A wannan giɓin ne mai imani ke riƙe sababi da hannu, zuciyarsa kuma na ga Mai warkarwa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne matakin ba na tsiron ba ne shi kaɗai. Ya danganta da wanda zai sha da kuma abin da ake nema. Idan ciwo ya riga ya kama, ana fitsari da zafi, ga zazzaɓi da ciwon kwiɓi, babu hujjar cewa kiranberi zai warkar, sai ya faɗo gida na uku. Mai irin wannan hali gwajin fitsari da maganin likita yake buƙata, domin jinkiri na iya kai cutar ga ƙoda. A ƙasar Hausa, inda yake zuwa a kwalba ko a ƙwaya, kuma ake tara cututtuka barkatai a kira su “sanyi”, mai sayarwar da ya miƙa shi ga mara lafiya da sunan waraka ya ci amanar wanda ya yarda da shi, ko da kayansa na gaske ne.

Rigakafin ma yana da sharuɗɗa. Yawancin ruwan da ake sayarwa an zuba masa sukari mai yawa saboda tsaminsa, abin da mai ciwon suga zai kiyaye. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, da wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda, sai sun shawarci likita. Har yau kuma masana ba su daidaita a kan adadin da ya kamata a sha a rana ba.