Darasi na Bakwai: Inda A Ke Samun Hikima

Karatu: 1 Sarakuna 3:4-28, 12:1-20
Aya ta haddacewa: Yaƙub 1:5

Gabatarwa

Abu uku ne mutane su kan dama wuri ɗaya, watau ilimi, da wayo, da hikima. Ilimi a makaranta a ke samunsa, ko wurin mai-sana'a. Wayo kuwa ko Gizo na cikin tatsuniya yana da shi, gama da shi ya ke cutar maƙwabtansa. Amma hikima ita ce mutum ya san abin da ke daidai a gaban Allah, ya kuma aikata shi a lokacin da ya kamata. Mun sha ganin mai-takardun shaida wanda gidansa ya watse, mun kuma ga tsohuwa wadda ba ta san baƙi ba, amma da maganarta a ke kashe faɗa a unguwa. A darasin yau za mu dubi uba da ɗansa, Sulemanu da Rehobowam, mu ga yadda a ke samun hikima da yadda a ke rasa ta.

1. Sai mu yarda ba mu da ita

Sa'anda Dawuda ya mutu, Sulemanu ya hau gadon sarauta. Ya tafi Gibeyon, ya miƙa hadayu na ƙonawa guda 1,000. Da dare Ubangiji ya bayyana gare shi cikin mafarki, ya ba shi dama ya roƙi abin da ya ke so. Mu lura da aya 7. Sarki ne, ga dukan Isra'ila a hannunsa, duk da haka ya kira kansa ƙaramin yaro wanda bai san shiga da fita ba. Nan ne hanyar ta soma. Tulun da ya cika ba a ƙara masa ruwa. Mutumin da ya ce ya riga ya sani ya rufe ƙofa da hannun kansa. Domin wannan ne littafin Misalai, wanda a ke kira Karin Magana kuma, ya ɗora hikima bisa tsoron Ubangiji (Misalai 1:7, 9:10). Wannan tsoro ba irin na ɓarawo a gaban ɗan doka ba ne. Irin na ɗa ne wanda ya san girman ubansa, ba ya kuwa so ya ɓata masa rai.

2. Sai mu roƙe ta

Sulemanu bai roƙi tsawon rai ba, ko dukiya, ko mutuwar magabtansa. Abin da ya roƙa, a harshen Ibraniyawa, zuciya mai-ji ce, domin ya rarrabe nagarta da mugunta, ya yi wa jama'ar Allah shari'a. Ba domin kansa ya roƙa ba, domin aikin da aka ɗora masa ne. Roƙon ya gamshi Ubangiji.

Bari mu gwada addu'o'inmu da wannan. Mu kan roƙi ruwan sama, da lafiya, da kuɗin makarantar yara, ba laifi ba ne kuwa. Amma yaushe rabonmu da mu durƙusa mu roƙi hikimar zama da mata ko miji, da hikimar horon yara, da hikimar riƙon kuɗin baiko? Ayarmu ta haddacewa tana koya mana wannan kyauta ba ta sarakuna kaɗai ba ce. Kowane mai-bi da ya ga ya gaza yana da izinin roƙo, Allah kuwa yana bayarwa a yalwace, ba ya yi wa mai-roƙo gori.

Ba a daɗe ba aka gwada kyautar. Mata biyu suka zo da jariri ɗaya mai-rai, kowace tana cewa nata ne, ba kuwa mai-shaida. Sarki ya ce a kawo takobi a raba yaron biyu. Uwar ta gaskiya ta gwammace ta rasa ɗanta da a kashe shi, ta haka aka gane ta. Waɗannan mata karuwai ne, ba masu-daraja a gari ba, amma sarki ya saurare su har ƙarshe. Mai-hikima ya kan ji ɓangare biyu kafin ya buɗe baki.

3. Sai mu haƙa

Kada wani ya ce, tun da kyauta ce, bari in kwanta ta same ni. Misalai 2:1-6 yana kwatanta neman hikima da neman azurfa da ɓoyayyiyar dukiya. Mutanen Jos da Bukuru sun san wannan, gama sun ga aikin kuza. Mai-haƙa ya kan ɗauke ƙasa kwano bayan kwano, ya wanke ta cikin ruwa, kafin ɗan baƙin yashin nan mai-nauyi ya kwanta a gindi. Allah ne ya sa kuza cikin ƙasa, amma ba ta zuwa gidan rago.

Ina ne wurin haƙarmu? Na fari, Maganar Allah. Tun 1932 muna da dukan Littafi Mai-tsarki da Hausa, ba mu da hujja. Littafin Misalai sura 31 ne. Wanda ya karanta sura ɗaya kowace safiya zai gama shi cikin wata guda. Na biyu, aikin hannun Allah. Sulemanu ya yi misalai 3,000 da waƙoƙi 1,005, ya yi magana a kan itatuwa, da dabbobi, da tsuntsaye, da kifaye (1 Sarakuna 4:32-33). Ya aike da rago wurin tururuwa ya koyi tanadi (Misalai 6:6-8). Manomin da ya ga maƙwabcinsa ya sayar da dawa duka da kaka, ya koma cin bashi da damina, ya sami darasi ba tare da ya biya kome ba. In gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta, sai mu shafa wa namu ruwa.

4. Sai mu zaɓi waɗanda za mu ji

Sulemanu ya yi sarauta shekara 40. Ya gina Haikali cikin shekara 7, gidan kansa kuwa cikin shekara 13, ya kuma ɗora wa talakawa aikin tilas mai-nauyi. Bayan mutuwarsa, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Kristi, jama'a suka taru a Shekem, suka roƙi Rehobowam ya sauƙaƙa musu. Ya ce su dawo bayan kwana uku. Har nan bai yi kuskure ba. Dattawan da suka yi wa ubansa hidima suka ce ya yi wa jama'a bara, ya ba su amsa mai-daɗi, su kuwa za su bi shi har abada. Abokan da suka yi girma tare da shi suka ce ya nuna musu ƙarfi. Ya bi ta abokai, ya ce zai ƙara nauyi bisa na ubansa. Kabilu goma suka balle a ranar, suka naɗa Yerobowam, mulkin kuwa bai sake haɗuwa ba.

Rehobowam yana da shekara 41 a lokacin (1 Sarakuna 14:21). Ashe shekaru kaɗai ba su kawo hikima. Ya nemi shawara, amma shawarar da ta yi daidai da son zuciyarsa ya ke nema. Mu ma haka mu kan yi: mu zaga daga wannan zuwa wancan, har mu sami wanda zai ce mana, ai gaskiyarka ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai (dubi Misalai 13:20). Ekklesiya nawa ta rabu biyu domin amsa ɗaya mai-zafi a taron majalisa? Dattawa kuma su lura da irin shawarar da dattawan nan suka bayar, ta tawali'u ce. Furfurar da ba ta da tawali'u ba ta da abin da za ta koya wa samari.

5. Sai mu riƙe ta da biyayya

Ga gargaɗi mafi nauyi. Kubawar Shari'a 17:16-20 ta hana sarki tara dawakai, da mata, da zinariya, ta kuma umurce shi ya riƙa karanta shari'a dukan kwanakinsa. Sulemanu ya tara karusai 1,400, ya auri mata 700, da ƙwaraƙwarai 300. Da ya tsufa suka juya zuciyarsa, har ya gina wa gumaka masujada kusa da Urushalima (1 Sarakuna 11:1-8). Bakinsa bai manta da misalai ba, ƙafarsa ce ta bar hanya. Hikimar jiya ba ta isa yau ba.

Ubangijinmu Yesu ya ce shi ya fi Sulemanu (Matta 12:42), Bulus kuma ya kira shi hikimar Allah (1 Korinthiyawa 1:24). A cikin Matta 7:24-27 magina biyu duka sun ji maganarsa. Ɗaya ya aikata, gidansa ya tsaya. Ɗaya bai aikata ba, ruwa ya kwashe nasa. Wanda bai ba da kansa ga Kristi ba tukuna, nan ne zai fara. Wanda ya riga ya bi shi, sai ya auna kansa da Yaƙub 3:13-18: in akwai kishi da tsaguwa cikin zuciyarmu, hikimarmu ba daga sama ta ke ba, kome daɗin bakinmu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin wayo da hikima? A kawo misali daga kasuwa ko gona.
2. Don me roƙon Sulemanu ya gamshi Ubangiji?
3. A ina Rehobowam ya yi daidai, a ina kuma ya kauce?
4. Wane ne mu ke da shi wanda ya ke iya gaya mana laifinmu, mu ji?
5. Wace magana ta Ubangiji mu ka sani, amma ba mu aikata ba tukuna?

Aikin mako: Kowa ya karanta Misalai sura 1 zuwa 7, sura ɗaya kowace rana. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, mu yara ne a gabanka. Ka ba mu zuciya mai-ji, ka tsare mu daga shawarar da ke faranta mana rai tana kashe mu, ka ba mu ikon aikata abin da mu ka ji yau. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.