Hoton Matsarmama: Gaibu Ne Ko Zato Mai Rinjaye?

Duk mahaucin da ke aiki a kasuwar Illela ya san matsarmama. Idan ya farke cikin sa, a hankali yake raba 'yar jakar nan mai koren ruwa da jikin hanta, don in ta fashe ɗacinta ya ɓata nama. Shi da wuƙa yake ganinta, bayan rai ya fita. Likita kuwa yana ganin ta mutum da ransa, da zarar ya shafa mai ya goga na'urar sikanin a ƙasan haƙarƙarin dama. Shi ya sa idan aka dawo da majinyaci garin Araba daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da takardar da ke cewa ana zargin ciwon daji, ba a rasa dattijon da zai ce a zaure: wannan ai shiga gaibu ne.

A ganina ba gaibu ba ne. Malamai sun bambanta gaibun da Allah Ya keɓe wa kansa, irin wanda aka ambata a ƙarshen Suratu Luƙman, da abin da ya ɓuya ga wani alhali wani yana kallonsa. Ƙarin da ke cikin matsarmama yana nan tun kafin a ɗauki hoto, fata da tsoka ne kawai suka rufe shi. Likitocin hoto sun raba kamanninsa gida uku. Wanda aka fi gani shi ne dunƙulen tsiro da ya cinye gurbin matsarmamar baki ɗaya, har ya kan kutsa cikin hanta. Sai kaurin bangonta, ko a gefe guda ko ko'ina. Sai kuma tsiron da ke leƙowa cikin jakar, wanda ake fara ɗar-ɗar da shi idan ya kai santimita 1. Shi ba ya motsi in majinyaci ya juya, saɓanin tsakuwa da ke gangarawa. Wannan duk karatun alama ne, kamar yadda makiyayi ke duba sawu ya ce raƙumi ya wuce nan da kaya.

Mai ja zai ce, to ai hoton yana kuskure. Gaskiyarsa. Kaurin bango musamman yana da ruɗi, domin tsohon kumburin matsarmama, da ciwon hanta, har da ciwon zuciya, duk suna iya kawo shi. Wani lokaci ma sai an cire matsarmamar saboda tsakuwa, an duba naman a ɗakin gwaji, sannan a gano daji ne. Amma wannan hujja ta fi ƙarfafa maganata, don abin da ke karɓar kuskure ba da'awar sanin gaibu ba ne. Sunansa a fiƙihu zato mai rinjaye, kuma da shi shari'a take aiki kullum. Alƙali yana yanke hukunci da shaidu biyu alhali bai ga abin da idonsa ba, al'umma tana ɗaukar azumi da shaidar waɗanda suka ga wata. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, bai ga hakan ya ci karo da tawakkali ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ranar da likita ya dubi babban dunƙulen nan ya ce aiki ba zai yiwu ba. Iyalai kan ji kamar ya yanke wa mutum ajali. Idan ya ambaci rana da wata da tabbaci, ya wuce gona da iri, a tsawata masa. Amma cewa tsiro ya toshe hanyar ruwan ɗaci, shi ya sa idanu suka yi rawaya, bayanin abin da ke nan ne yau. Wannan cuta ta dajin matsarmama ta fi kama mata masu shekaru, kuma takan yi shiru har sai ta yi nisa. Gidan da aka ɓoye wa bayanin kan ci gaba da sayar da awaki ana neman saiwar shawara tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ita kuwa gyatuma ba ta samu damar yin wasiyya ko faɗin bashin da ake binta ba.