Adalcin Mai Baka: Wa Ya Amfana?

A Amurka, inda bindiga ba ta wuyar samu, akwai maharban da suka gwammace kwari da baka wajen farautar barewa da sauran manyan namun daji. Tun 1934 Jihar Wisconsin ta keɓe musu lokacin farautarsu. Hujjarsu kuwa ita ce adalci. Mai bindiga yana iya kayar da dabba daga yadi 200, amma mai baka tilas ya yi sanɗa har yadi 20 ko 30, yana lura da iska kada barewa ta sansano shi. Sau da yawa takan tsere, ya koma gida hannu rabbana.

To, amma ya mai karatu, wannan adalci wace barewa ya amfana? Wadda ta tsere. Kibiya da zubar jini take kisa. In ta sami huhu, nan da nan magana ta ƙare; in kuwa hannun ɗan koyo ya yi rawa ta faɗa tumbi, dabbar na iya kwana cikin azaba, watakila ma ba za a gan ta ba. A Birtaniya, dokar 1981 ta haramta irin wannan farauta ɗungum.

Ni ban kai can ba. Amma sabon shiga ya fara shekara yana harbin damin ciyawa tukuna.