Asalin Kare da Amanar Mai Shi

A cikin bazarar da ta wuce, lokacin da zafi ya kai maƙura, na kai ziyara wani ƙauye da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Bayan an tashi daga Misa, wani saurayi daga cikin ƙungiyar mawaƙa ya ja ni zuwa gidansu, ya ce akwai abin da yake so in gani. Ashe ɗan kwikwiyo ne mai tulin gashi kamar tunkiya, irin karnukan nan da tushensu yake can duwatsun Kokeshas, inda ƙanƙara take zuba. A Kano ya sayo shi da kuɗin da ya tara na noman rani, aka haɗa masa da wata takarda mai ɗauke da sunayen iyayen karen da kakanninsa. Na tarar da kwikwiyon kwance a gindin randa, harshe waje, yana ta haki. A ƙofar gida kuwa ga karen kakan yaron, ja, siriri, mai gajeren gashi, yana kwance abinsa.

Saurayin ya ce mini, "Fada, wannan ɗan asali ne. Wancan kuwa karen gida ne kawai." Tsohon, wanda ya yi shekaru yana bin farauta, ya yi murmushi ya ce, "Fada, tambaye shi ko takardar tana kama zomo."

Kowa ya yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida. Mene ne asali? Idan kuma mutum ya ɗora wa kansa ikon zaɓar irin dabbar da za a haifa, wane nauyi ne ya hau wuyansa? Don mu amsa, sai mun fara sanin inda wannan takarda ta samo tushe.

A shekarar 1859 aka yi gasar nuna karnuka ta farko irin ta zamani a birnin Niyukasil na Ingila. Karnuka sittin aka kawo, dukansu na farauta, kyautar da aka bayar kuma bindigogi ce. Cikin 'yan shekaru gasanni suka yawaita, gardama da maguɗi suka yawaita tare da su. Saboda haka a 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Landan don ta tsara al'amarin, ta kuma fitar da littafin asalin karnuka na farko a 1874. Amurka ta kafa tata ƙungiyar a 1884, wasu ƙasashen Turai kuma suka haɗu suka kafa ta ƙasa da ƙasa a 1911. Babbar gasar Crufts, wadda aka fara a 1891, har yanzu ana yin ta kowace shekara a Bamingam, kwana huɗu cur, da karnuka wajen dubu ashirin.

Aikin irin wannan ƙungiya ya rataya ne a kan abubuwa uku. Na farko littafin asali, inda ake rubuta kowane kwikwiyo da uwarsa da ubansa. Galibi kuma a rufe yake, wato karen da iyayensa ba sa ciki ba shi da hanyar shiga. Na biyu ƙa'idar siffa, wadda take bayyana yadda kowane iri ya kamata ya kasance: tsayinsa, launinsa, tsarin kansa, kunnensa da wutsiyarsa. Na uku gasa, inda alƙali yake duba kare, ya shafa jikinsa, ya buɗe bakinsa, ya sa a zagaya da shi, sa'an nan ya zaɓi wanda ya fi kusa da ƙa'idar. Zakaran kowane iri sai ya kara da sauran zakaru, har a fitar da gwani guda.

Kada mu yi saurin raina wannan aiki, gama akwai gaskiya a cikinsa, mu ma kuma mun san ta. Mu ne muke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bafulatani ya san bambancin Bunaji da Rahaji da Gudali, ya kuma san uwar kowace saniya a garkensa ba tare da littafi ba. Mai zuwa kasuwar tumaki ya san Uda daga Balami. A Maraɗi akwai cibiyar da gwamnatin Nijar ta kafa tun shekarun 1960 don kiyaye irin jar akuya, saboda kyan fatarta da yawan haihuwarta. Maharbin ƙasarmu ma ba ya ɗaukar kwikwiyo sai ya tambayi wace karya ce ta haife shi. Sanin asali hikima ce, rubuta shi kuma ya fi dogara ga tunanin mutum ɗaya. Ƙungiyoyin nan sun hana wasu irin karnuka ɓacewa, da yawa daga membobinsu kuma mutane ne masu ƙaunar dabbobinsu da gaske.

To, ina gizo yake saƙar? Makiyayi da maharbi suna neman asali ne saboda wani amfani: nono, juriyar tafiya, gudu, jin wari. Daji ne alƙalinsu, daji kuwa ba ya karɓar takarda. Karen da ba ya iya numfashi ba zai kama ko gafiya ba, don haka ba wanda zai nemi 'ya'yansa. Amma da gasa ta zama ita ce alƙali, sai ido ya karɓi aikin daji. Idan ƙa'ida ta ce hanci gajere ne, wanda hancinsa ya fi gajarta shi zai ci. Idan ya ci, kowa zai kawo karyarsa gare shi. 'Ya'yansa su cika ƙasa, a sake haɗa su da juna. Tun da littafin a rufe yake, babu sabon jini da zai shigo. Kowace cuta da take ɓoye a jikin zakaran nan sai ta bi zuriyar duka.

Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Karen da ake kira Buldog, wanda Ingilishi suke alfahari da shi, an matse fuskarsa har numfashi ya zame wa da yawansu wahala, an kuma girmama kansa har uwa ba ta iya haihuwarsa da kanta. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2010 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwar wannan iri sai da tiyata. Wani ƙaramin kare mai suna Kabaliya yana fama da ciwon zuciya, da wata cuta da take zuwa saboda ƙoƙon kansa ya yi wa ƙwaƙwalwarsa kaɗan. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri da ya tona waɗannan abubuwa, daga 2009 kuma ya daina nuna gasar Crufts. A wannan shekara Kennel Club ta sake duba ƙa'idojinta, ta kuma daina rubuta 'yan kwikwiyon da aka samu tsakanin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. A 2023 kotun ƙoli ta ƙasar Nowe ta yanke hukunci cewa ci gaba da kiwon irin Kabaliya ya saɓa wa dokar jin daɗin dabbobi. Ku lura, 'yan'uwa, ba mugaye ne suka jawo wannan ba. Mutane ne masu son abinsu, waɗanda kowannensu ya ƙara ɗan kaɗan a kan na jiya, yana neman kambi, har abin ya kai inda ya kai.

Labarin bai tsaya a Turai ba, ya taɓo maƙwabtanmu. Arewa da Tawa, a ƙasar Azawak da ta ratsa Nijar da Mali, Abzinawa suna da wani dogon kare siriri mai gudun tsiya, wanda yake tsaron zango da dabbobi, yana kuma kama zomo da barewa. A wajen 1970 aka fara kai shi Turai, aka raɗa masa sunan ƙasarsa, Azawak. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta amince da shi, Faransa ce kuma ta riƙe ƙa'idarsa. Ƙa'idar ta taƙaita launin da za a karɓa, alhali kuwa a zangon Abzinawa ana samun launuka iri-iri. Ke nan kare zai iya zama haifaffen Azawak, iyayensa da kakanninsa duk a can suka yi gudu, amma alƙali a Turai ya ce launinsa bai dace ba. Da Amurka ta karɓe shi a 2019, ƙa'idarta ba ta sa sharaɗin launi ba. Wane ne ɗan asali a nan, karen ko takardar?

Akwai kuma Basenji, ƙaramin karen farauta na dazuzzukan Kwango wanda ba ya haushi. Daga 'yan karnuka kaɗan aka yaɗa shi a Turai da Amurka, har ciwon ƙoda na gado ya addabi zuriyar. A 1987 da 1988 wasu masu kiwonsa suka tafi ƙauyukan ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, suka sayo karnukan da ba su da ko rabin takarda, a 1990 kuma ƙungiyar Amurka ta buɗe littafinta ta rubuta su. Wato da 'yan asali suka shiga uku, wurin karnukan gida aka koma neman taimako. Waɗanda suka yi wannan sun cancanci yabo, gama sun fifita lafiyar dabbar a kan girman kan littafinsu.

Ga abin da nake gani a cikin wannan duka. Kare bai zaɓi hancinsa ba, bai zaɓi ubansa ba, bai kuma zaɓi ƙasar da za a kai shi ba. Mutum ne ya zaɓar masa. Duk wanda ya zaɓa wa wani abin da shi ba zai iya ƙi ba, ya ɗauki amana, kuma gwargwadon ikonsa gwargwadon nauyinsa. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya yarda mutum ya yi amfani da dabba, ya horar da ita, ya kuma so ta. Amma ya koyar cewa sa ta wahala ba gaira ba dalili yana zubar da mutuncin mutumin kansa, haka nan kuma kashe mata dukiyar da ya kamata ta fara kai wa ga mabukata. Mai dukan kare yana cutar kare ɗaya na yini ɗaya. Wanda ya haɗa barbara yana sane da cutar da take cikin jinin, ya cuci waɗanda ba a haifa ba tukuna, dukan kwanakin ransu. Sha'awar ido dalili ce mai rauni ƙwarai idan aka auna ta da numfashin wata halitta.

Sai dai kada mu nuna Turawa da yatsa mu manta da namu. Karen gidan nan da na yaba, yaya muke riƙe shi? Da rani ana loda shi a mota zuwa farauta, da damina kuwa sai ya nemi abincinsa a juji. Yara suna jifansa, manya suna kallo. Ana yanke masa kunne da aska. Da wuya a kai shi allurar rigakafin haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, da yawansu kuma yara ne. Wancan ya so karensa har ya nakasa shi, mu kuwa mun ci moriyar namu mun yar da shi. Dukanmu kanmu muka duba.

Yau ana sayar da karnukan waje a Kano da Kaduna da Abuja, samarinmu suna ganin hotunansu a waya, wasu har suna maganar haɗa ƙungiya. Ban ga laifin ƙungiya ba, in dai za ta ɗauki darasi, gama gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Littafinta na farko ya zama na rigakafi: kowane kare ya sami allura tun yana wata uku, a kuma sabunta kowace shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin maganin. Ta rubuta cututtukan zuriya kamar yadda take rubuta sunaye, ta hana haɗa 'yan jini ɗaya, ta bar ƙofar littafinta a buɗe. Likitan dabbobi ya duba kowane kare kafin alƙali ya gan shi. A sa karen gida a gasa, a gwada gudunsa da biyayyarsa da juriyarsa, a kuma gayyaci tsofaffin maharba su zauna cikin alƙalai. Kowane memba ya tsare karensa daga gidan maƙwabci, musamman da yake da yawa daga maƙwabtanmu ba sa son kare ya kusanci tufafinsu da wurin sallarsu. Mai niyyar saye kuma, kafin ya tambayi sunan kakan kwikwiyo, ya tambayi kansa: wannan dabba za ta iya zafin ƙasarmu? Zan iya ciyar da ita shekara goma ba tare da na tauye 'ya'yana ba?

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi damuna. Kalmar da saurayin nan ya yi amfani da ita ba a kasuwar karnuka ya koye ta ba. A gida ya ji ta, ranar da ake tattauna auren wata, ana tambaya ko manemin yana da asali, ba a ko tambayi halinsa ba. Mu da muka ce kyan ɗa ya gaji ubansa, mu ne kuma muka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Idan littafin da aka rufe ya kasa tabbatar da nagartar kare, ina ga ɗan Adam, wanda yake da ikon zaɓar hanyarsa?

Da na koma ƙauyen bayan faɗuwar ruwa, na tarar saurayin ya yi wa kwikwiyon rumfa a ƙarƙashin darbejiya, yana canza masa ruwa sau uku a yini, ya kuma kai karnukan biyu an yi musu allura a Kankiya. Tsohon ya ce har yanzu bai ga zomo ba. Na ce masa, "Baba, a yi haƙuri, yaron ya fara gane abin da ya saya."

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ya sa a hannunmu. Salama ta kasance tare da ku duka. Amin.