Idan Tuwo Ya Ƙi Wucewa: Tawakkali da Dajin Maƙoshi

A Tajaye, kamar sauran garuruwan Illela da Malbaza, tsohon da ya fara ture tuwo yana neman kunu ba ya tayar wa kowa da hankali. Sai a ce girma ne. Alhali haka ciwon dajin bututun abinci yake sallama: nama ya fara tsayawa a ƙirji, tuwo ya biyo, a ƙarshe fura ma sai an tsinka ta. Kafin a ankara mutum ya rame, ƙarin kuwa ya riga ya toshe hanya.

Taba da giya na cikin manyan musabbabansa. A 2016 hukumar binciken daji ta duniya ta saka abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi. Masu kurɓar shayi daga kan gawayi su ji.

Tambayar da ke raba kan iyali ta addini ce. Wani ya ce ajali ba ya jiran likita, a bar baba ya cika a ɗakinsa. Wani ya ce a tafi asibitin Galmi, ko Yamai inda aka fara gashin daji a 2021, ko Sakkwato. Kowannensu yana kiran ra'ayinsa tawakkali.

Malaman farko da dama sun ɗauki neman magani halal ne, bai kai wajibi ba. Amma Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce yakan wajaba idan barinsa zai kai ga halaka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba a shakkar imaninsa da ƙaddara, littattafai ya rubuta kan magani.

Idan cutar ta yi nisa, tiyata ba ta yiwuwa, iyalin da suka ƙi sayar da gona domin tafiyar da ba warkewa a cikinta ba su yi laifi ba. Sai dai ko a nan likita na iya saka robar ciyarwa ta ciki da rage raɗaɗi, don kada yunwa ta riga cutar.

Wanda haɗiya ta yi wa wuya har makonni, a kai shi a leƙa maƙoshinsa da na'ura tun yana iya cin tuwo.